Hoton CT na Ciki: Nawa Ne Radiyeshan Ɗin da Ya Isa?

Idan aka kwantar da majinyaci a kan gadon na'urar CT, wato na'urar eksire mai zana jiki yanki-yanki da kwamfuta, domin ɗaukar hoton cikinsa, abin da shi yake gani bai taka kara ya karya ba. Za a ce ya miƙa hannuwansa sama da kansa, a sa masa allurar ruwan da ke haska hoto a jijiyar hannu, ya ji wani ɗumi ya ratsa shi tun daga maƙogwaro har zuwa mara, sannan murya ta ce masa ya ja numfashi ya riƙe. Gadon zai shige cikin zoben na'urar a hankali, kuma kafin ya gaji da riƙe numfashin an gama, domin a na'urorin zamani daƙiƙa goma ko ƙasa da haka sun isa a ɗauke shi daga ƙasan ƙirji zuwa ƙugu. Bai ji zafi ba, bai ga komai ba. Amma a cikin waɗannan 'yan daƙiƙu jikinsa ya sha radiyeshan da ya kai kimanin milisibat 8 zuwa 10, wato ma'aunin da ake ƙiyasta illar radiyeshan ga jiki da shi. Matsakaicin abin da ɗan Adam yake samu a shekara guda daga ƙasa da iska da sararin sama milisibat 2.4 ne, saboda haka hoto ɗaya na ciki daidai yake da abin da mutum zai tara cikin shekara uku zuwa huɗu yana zaune a gidansa, kuma ya ninka hoton ƙirji na eksire sau ɗaruruwa.

Wannan lissafi yakan jefa mutane cikin ɗaya daga kuskure biyu. Wani ya tsorata ya ce a rage radiyeshan ɗin ta kowace hanya, wani kuma ya ce tunda ba a jin zafinsa a buɗe wa na'ura wuta ta fitar da hoto mai kyau kamar madubi. A ganina duka biyun sun kauce hanya. Adadin radiyeshan da ya dace ba lamba ɗaya ba ce da za a rubuta a manna a bango. Tambayar da likita yake neman amsarta ita ce ke yanke shi, kuma mafi yawan radiyeshan da ake asara a hoton ciki ba laifin na'ura ba ne, daga zaɓin mutanen da suke sarrafa ta yake fitowa.

Kafin a fahimci haka sai an san yadda hoton yake samuwa. A cikin zoben akwai fitilar eksire da ke kewaya majinyaci, a ɗaya ɓangaren kuma akwai jerin ƙananan idanu masu ƙirga ƙwayoyin hasken da suka samu ratsa jiki suka fito. Ƙashi yana tare da yawa daga cikinsu, tsoka da hanta suna tare matsakaici, kitse kaɗan yake tarewa, iska kuwa kusan ba ta tare komai. Kwamfuta tana haɗa dubban ƙidayar da aka yi daga kowace kusurwa ta zana jiki yanki-yanki, kamar an yanka burodi ana duba kowane yanki. Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ne ya ƙera na'urar farko a kamfanin EMI, aka fara ɗaukar hoton kan wata majinyaciya da ita a asibitin Atkinson Morley na Landan ranar 1 ga Oktoba 1971, kuma a 1979 shi da Allan Cormack suka samu kyautar Nobel. Waccan na'ura tana cin mintuna kafin ta gama yanki guda, saboda haka kai kaɗai ta iya ɗauka, tunda ciki ba ya tsayawa cak: ana numfashi, hanji yana motsi. Sai da aka samu hanyar ɗaukar hoto gado yana tafiya fitila tana juyawa ba tsayawa, wadda Willi Kalender na Jamus ya gabatar a 1989, da kuma na'urori masu layin idanu 64 a 2004, sannan hoton ciki ya zama abu mai sauƙi da sauri. Wannan sauƙin shi ne alherin na'urar, shi ne kuma ya buɗe ƙofar wuce gona da iri.

Tunda hoton ƙidaya ce, dokar ƙidaya tana hawa kansa. Mai sayen gero da ya zura hannu a buhu ya ɗebo tafi guda zai iya yin kuskure wajen ƙiyasta yawan tsakuwar da ke ciki, amma idan ya auni mudu guda ya duba, ƙiyasinsa zai fi kusa da gaskiya. Haka idanun na'ura suke. Idan ƙwayoyin hasken da suka iso gare su kaɗan ne, ƙidayar takan yi sama da ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, sai hoton ya fito yashi-yashi, hantar da ya kamata ta zama sumul ta cika da ɗige-ɗige masu haske da masu duhu. Abin da ya sa cinikin yake da tsada shi ne, yashin ba ya raguwa daidai da yadda aka ƙara radiyeshan. Wanda yake son rage yashin hoto da rabi sai ya ninka radiyeshan sau huɗu. Idan kuwa aka juya lissafin, wanda ya rage radiyeshan da rabi ya ƙara yashin da kimanin kashi 40 cikin 100 ne kawai. Ke nan ɗan kyan da ido yake gani tsakanin hoto mai kyau da hoto mai kyau ƙwarai, majinyaci ne yake biyan kuɗinsa da jikinsa, kuma ninkin ba ninkin yake biya.

Girman jiki ma yana shiga lissafin da ƙarfi. Kusan kowane santimita huɗu na nama yana cinye rabin hasken da ya shige shi, don haka mutumin da faɗin cikinsa ya fi na wani da santimita takwas, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai isa idanun na'ura idan aka yi musu saiti iri ɗaya. Sai dai akwai wani rangwame da likitocin hoto suka sani: kitsen da ke tsakanin kayan cikin mai ƙiba yana zana iyakar kowace gaɓa da baƙin layi, saboda haka hotonsa yana jure yashi fiye da na siriri ko na yaro, waɗanda hanjinsu da sauran kayan cikinsu suke manne da juna babu kitsen da zai raba.

A nan ne ciki ya bambanta da sauran sassan jiki. Ana auna duhu da hasken hoton CT da ma'aunin da aka sa wa sunan Hounsfield: ruwa sifili ne, iska dubu ɗaya ƙasa da sifili, kitse kimanin ɗari ƙasa da sifili, ƙashi mai tauri kuwa yakan haura dubu. Ƙari a cikin huhu nama ne a tsakiyar iska, bambancinsu ɗaruruwa ne, don haka ko da hoton ya yi yashi za a gan shi, kamar baƙin zare a kan farar shadda. Hanta kuwa kafin a sa allura tana tsakanin 50 da 65, kuma ƙarin da ya ɓuya a cikinta wani lokaci da maki goma ko ashirin kaɗai ya bambanta da naman da ke kewaye da shi. Wannan farin zare ne a kan farar shadda. Idan yashin hoton ya kai girman wannan ɗan bambanci, ƙarin ya nutse, likita zai duba ya wuce, ya rubuta cewa hanta lafiya lau. Hoton da ya kasa amsa tambayar da aka ɗauke shi dominta, duk radiyeshan ɗin da ke cikinsa asara ne, komai ƙanƙantarsa, kuma illar sankarar da aka kasa gani yau ta fi ƙarfin illar da ake tsoron radiyeshan zai jawo nan da shekara ashirin.

Shi ya sa bai dace a yi wa kowane ciki saiti ɗaya ba. Tsakuwar ƙoda tana haskawa da maki ɗaruruwa, ana iya ganinta da radiyeshan da bai wuce milisibat 2 zuwa 3 ba, kuma ba a buƙatar allura. Ciwon afendiks ma an gwada shi gwaji na gaskiya. A Seoul ta Koriya ta Kudu an raba matasa 891 da ake zargin suna da ciwon gida biyu, aka yi wa rabi hoto da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na radiyeshan ɗin da aka saba, aka buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine a 2012: waɗanda aka yi wa tiyata aka tarar afendiks ɗinsu lafiyayye ne sun kai kashi 3.5 cikin 100 a rukunin da aka rage wa radiyeshan, da kashi 3.2 a ɗaya rukunin, bambancin da ba shi da wani nauyi. An sake gwajin a asibitoci 20 na ƙasar da mutane sama da 3,000, aka buga a 2017, sakamakon bai sauya ba. Amma wanda zai ɗauki wannan saitin ya yi amfani da shi wajen neman ƙananan ƙari a hantar mai sankarar hanji ya cuci majinyacinsa.

Duk na'urar CT ta zamani tana fitar da wani shafi a ƙarshen hotuna wanda mutane da yawa ba sa kula da shi. Baƙin shafi ne mai 'yan layuka, kowane layi yana nuna sawu ɗaya da na'ura ta yi a kan jiki, da lambobi biyu a gabansa. Ta farko, wadda ake rubutawa CTDIvol, tana nuna ƙarfin radiyeshan ɗin da na'ura ta fitar a kowane yanki, da ma'aunin miligire, wanda ake auna yawan radiyeshan ɗin da nama ya sha da shi. Ta biyu, DLP, ita ce ta farkon idan aka ninka ta da tsawon jikin da aka ɗauka. Idan shafin ya nuna miligire 12 kuma an ɗauki santimita 45, DLP zai zama 540, kuma idan aka ninka shi da 0.015, wato lambar da aka saba amfani da ita ga ciki da ƙugun babban mutum, za a samu milisibat 8 da ɗan ɗoriya. Ya kamata a lura cewa lambar farko ba a jikin majinyacin aka auna ta ba. A jikin wani gungumen roba mai faɗin santimita 32 aka auna ta. Yaro ko siririn mutum da cikinsa bai kai faɗin gungumen ba ya sha fiye da abin da shafin ya nuna, har yakan kai ninki biyu ga ƙaramin yaro. Wannan ne ya sa ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka ta fitar da hanyar gyara lambar gwargwadon girman jiki a 2011.

To, mene ne haɗarin da ake gudu? Radiyeshan ɗin hoton ciki bai kai ya ƙona fata ko ya zubar da gashi ba. Abin da ake tsoro shi ne ya lalata ƙwayar halitta ta yadda bayan shekaru za ta rikiɗe ta zama sankara. Tushen ƙiyasin shi ne binciken da ake yi tun 1950 a kan mutane kimanin 120,000 a Hiroshima da Nagasaki, biranen Japan da aka jefa wa bam ɗin nukiliya, kuma daga nan ne aka samo lissafin da ake yawan ambata, cewa milisibat 10 yana iya ƙara haɗarin mutuwa da sankara da kimanin mutum ɗaya cikin 2,000. Masana sun daɗe suna saɓani a kan ko ya halatta a ja layi daga radiyeshan mai yawa zuwa ɗan kaɗan irin na hoto, amma binciken da aka yi a kan yara ya ƙarfafa masu taka-tsantsan. Wani bincike na Birtaniya da aka buga a mujallar Lancet a 2012, wanda ya bi sawun yara da matasa kusan 180,000, ya nuna cewa tarin miligire 50 a ɓargo yana iya ninka haɗarin sankarar jini kusan sau uku. Wani mafi girma da ya haɗa mutane kusan 950,000 a ƙasashe tara na Turai, wanda aka buga a 2023, ya ƙiyasta cewa cikin kowane yara 10,000 da aka yi wa CT, ɗaya zuwa biyu za su kamu da sankarar jini ko ta makamantanta cikin shekara 12 saboda hoton. Ga mutum ɗaya wannan haɗari ƙarami ne ƙwarai, kuma wanda aka kawo shi daga haɗarin mota ana zargin saifarsa ta fashe bai kamata ya ɓata ko minti guda yana tunaninsa ba. Amma da ɗaya-ɗaya ake cika rumbu. A 2023 an yi hoton CT miliyan 93 a Amurka, kuma wani ƙiyasi da Rebecca Smith-Bindman da abokan aikinta suka buga a 2025 ya ce hakan zai iya haifar da sankara kimanin 103,000 nan gaba, kaso mafi girma kuma daga hoton ciki da ƙugu na manya.

Ita dai wannan likitar ce ta jagoranci binciken da nake ganin ya fi kowanne tona asirin matsalar. An tattara hotuna kimanin miliyan biyu daga cibiyoyi 151 a ƙasashe bakwai, aka buga a mujallar BMJ a 2019. Matsakaicin radiyeshan na hoton ciki ya kasance milisibat 7 a Holan, amma ya kusa 26 a Japan, wato ninki huɗu saura kaɗan. Da aka cire tasirin girman jikin majinyata da irin na'urar da kamfanin da ya ƙera ta, bambancin bai gushe ba. Sai da aka duba yadda kowane asibiti ya saita na'urarsa sannan aka ga inda gizo ke saƙar. Na'ura iri ɗaya, majinyaci iri ɗaya, amma al'adar asibiti ta sa wani ya sha ninkin abin da wani ya sha. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Tun da aka kafa na'urar CT ta farko a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 1987, na'urorin sun yaɗu a asibitocin koyarwa da cibiyoyi masu zaman kansu, kuma binciken farko na ƙasa baki ɗaya da aka buga a 2018 ya samu cewa lambar DLP ta ciki da ƙugu, a matakin da kashi uku cikin huɗu suke ƙasa da shi, ta kusa 1,500, kimanin ninki biyu na lambar da Birtaniya take amfani da ita a lokacin.

Ina wannan rarar take fitowa? Babbar ƙofa ita ce yawan sawu. Ruwan allurar da ake sa wa majinyaci yana ɗauke da aidin, wanda yake haskawa a hoto, kuma yana bin jini yana isa gaɓoɓi a lokuta daban-daban: bayan daƙiƙa 35 zuwa 40 ya cika jijiyoyin da ke kawo jini daga zuciya, bayan daƙiƙa 60 zuwa 70 ya jiƙa hanta da saifa da bangon hanji, bayan mintuna kuma ƙoda ta fara tace shi zuwa mafitsara. Ana iya ɗaukar hoto kafin allura da kuma a kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, amma kowane sawu cikakken hoto ne da cikakken radiyeshan ɗinsa. Akwai inda hakan ya zama dole. Sankarar hanta, wadda ta yi katutu a Afirka ta Yamma saboda yawan ciwon hanta nau'in B da kuma gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba, ana gane ta ne da halinta: tana haskawa da wuri fiye da hanta, sannan ta dusashe a sawun baya. Wanda ya ɗauki sawu ɗaya a nan don gudun radiyeshan bai yi aikin ba. Amma ga mai ciwon ciki da ake zargin afendiks ko ƙurji ko toshewar hanji, sawu ɗaya a daƙiƙa 70 yakan wadatar. Wani bincike na Jami'ar Wisconsin da aka buga a 2011 ya duba hotunan majinyata 500 ya samu cewa fiye da rabinsu an yi musu aƙalla sawu ɗaya da babu dalilinsa. Sau da yawa abin da ke jawo haka shi ne takardar neman hoto da likita ya rubuta "ciwon ciki" kawai ya sa hannu. Ma'aikacin hoto da ba a gaya masa abin da ake nema ba zai ɗauki duka sawun don kada a dawo masa da majinyaci, kuma da wuya a zarge shi.

Sauran ƙofofin ƙanana ne a ido amma suna taruwa. Ana wuce iyakar da ake buƙata, a faro daga tsakiyar ƙirji a ƙare a cinya, kowane santimita kuma ƙari ne a kan DLP. Ana barin hannuwa a gefen ciki alhali majinyaci zai iya ɗaga su, sai ƙashin hannu ya tare haske, ya ja zane-zane a kan hanta da saifa, na'ura kuma ta ƙara wuta don ta rama. Akwai kuma daidaita tsayin gado, abin da yake cin daƙiƙa biyar kacal. Na'urorin zamani suna ɗaukar ɗan hoton share fage su auna girman majinyaci da shi, sannan su riƙa ƙara wuta a inda jiki ya yi kauri, kamar ƙugu, su rage a inda ya yi siriri. Idan aka kwantar da mutum kusa da fitila fiye da kima, inuwarsa a hoton share fagen za ta yi girma, kamar yadda inuwar hannu take girma a bango idan aka kai shi kusa da aci-balbal, sai na'ura ta ɗauka ƙato ne ta ba shi radiyeshan ɗin ƙato. Idan kuma aka nisanta shi, ta ɗauka siriri ne ta fitar da hoto mai yashi.

Akwai dabarar da take ba da riba biyu, ita ce rage kilobolt ɗin fitila, wato ƙarfin lantarkin da ake ba ta. Shekaru da yawa kusan kowa a kan 120 yake aiki. Idan aka sauko zuwa 100 ba a taɓa sauran saiti ba, radiyeshan yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, kuma aidin yana ƙara haske, domin ya fi tare ƙwayoyin haske marasa ƙarfi sosai. Yashi yana ƙaruwa, amma bambancin da ake nema ya ƙaru tare da shi, saboda haka ga yara da sirara da masu matsakaicin jiki, musamman idan jijiyoyin jini ake dubawa, kilobolt 100 ko ma 80 ya fi dacewa. Ga mai babban jiki dabarar ba ta aiki, tunda hasken ba zai iya ratsa shi ba. Kaurin yankin hoto ma haka yake: yanki mai milimita ɗaya ya fi nuna ƙananan abubuwa amma ya fi yashi, don haka hikima ita ce a ɗauka siriri, a karanta hanta a yanki mai milimita uku zuwa biyar, a koma ga siraran idan buƙata ta taso, maimakon a ƙara radiyeshan don siraran su yi sumul.

Wurin da na fi so a yi hattara shi ne sababbin hanyoyin da kwamfuta take zana hoto. Tsohuwar hanya lissafi ne kai-tsaye wanda ba ya ɓoye komai: idan radiyeshan ya yi kaɗan hoton zai fito da yashi, likita ya gani ya san kada ya amince da shi sosai. Daga 2008 kamfanoni suka fara fitar da hanyoyin da kwamfuta take maimaita lissafi tana share yashin, GE da ASIR, Siemens da SAFIRE, Philips da iDose, sannan a 2019 aka amince da masu amfani da ƙirƙirarriyar basira, irin su TrueFidelity na GE da AiCE na Canon. Waɗannan ci gaba ne na gaske, kuma a inda bambanci yake da girma, kamar tsakuwa da jijiyoyin jini, sun rage radiyeshan sosai. Amma kwamfuta ba ta iya ƙirƙiro bayanin da idanun na'ura ba su ƙirga ba. Tana gane gefen ƙashi ta kare shi saboda a fili yake, amma ɗan ƙarin hanta mai bambancin maki goma yana kama da yashi a wurinta, sai ta shafe gefensa tare da yashin, kamar mai yaɓen da ya lailaye bango har ya rufe tsagar da ya kamata a gani. Masana a asibitin Mayo na Amurka sun nuna a 2015 cewa idan aka rage radiyeshan da kashi 25 cikin 100 ko fiye, ikon ganin abubuwa masu ƙaramin bambanci yana fara raguwa duk da cewa lambar yashin ta nuna komai daidai. Binciken da aka yi a kan masu sankarar hanji da ta bazu zuwa hanta ya tabbatar da haka a jikin mutane: da aka rage radiyeshan da kusan rabi, an rasa wasu ƙananan ƙari. Haɗarin a nan ya fi na tsohon zamani ta wata fuska, domin hoton ya yi kyau a ido, babu abin da zai gargaɗi mai karantawa. Don haka bai kamata asibitin da ya sayi sabuwar na'ura ya ɗauki alƙawarin da ke cikin takardar talla ya zartar da shi a kan kowane hoto ba. Ya rage kaɗan-kaɗan, likitocinsa suna dubawa, kuma ya bar wa hanta da fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, nasu saitin daban. Na'urori masu ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka amince da ta farkonsu a Amurka a 2021, suna cin moriyar kowace ƙwaya fiye da na da, amma su ma dokar ƙidaya ba ta ɗaga musu ƙafa ba.

Yara da mata masu juna biyu suna buƙatar kalma ta musamman. Jikin yaro ya fi saurin illatuwa kuma yana da dogon zamani a gabansa da illar za ta iya bayyana, shi ya sa aka ƙaddamar da gangamin Image Gently a 2008 don a daina yi wa yara saitin manya. Ga yaron da ake zargin afendiks, da mai ciwon ƙoda, da mai matsalar matsarmama, sikanin na sauti, irin wanda mata suka saba da shi a awon ciki, shi ya kamata a fara da shi tunda ba shi da radiyeshan ko kaɗan. Wani gwaji da aka yi a sassan gaggawa 15 na Amurka da majinyata 2,759 da ake zargin tsakuwar ƙoda, aka buga a 2014, ya nuna cewa farawa da sikanin bai ƙara munanan sakamako ba, kuma ya rage radiyeshan. Macen da aka yi wa CT na ciki sannan ta gano tana da shigar ciki kuwa, ya kamata a kwantar mata da hankali da ilimi: hoto ɗaya yakan ba ɗan tayi abin da bai kai miligire 50 ba, kuma hukumar kare mutane daga radiyeshan ta duniya ta bayyana cewa abin da bai kai miligire 100 ba ba dalili ne na zubar da ciki ba.

Gyaran da ake buƙata ba ya jiran sabuwar na'ura. Tun 1996 waccan hukuma ta kawo tsarin lambobin kwatance, inda kowace ƙasa take tattara lambobin asibitocinta ta fitar da matakin da kashi uku cikin huɗu suke ƙasa da shi. Ba iyaka ba ce da aka hana ƙetarewa ga majinyaci ɗaya, domin mai babban jiki dole ya haura ta. Ƙararrawa ce ga asibitin da matsakaicinsa ya wuce na sauran, ya zauna ya binciki dalili. A Afirka an ƙaddamar da gangamin AFROSAFE a Nairobi a 2015 da wannan manufa, kuma a Najeriya hukumar kula da harkokin nukiliya, wadda dokar 1995 ta kafa, ita ce take ba da lasisin na'urorin. Amma ainihin aikin a ɗakin hoto yake. Likitan hoto da ma'aikacin ɗaukar hoto da masanin fiziks su ɗauko baƙin shafin nan na majinyata ashirin ko talatin masu matsakaicin jiki, su fitar da matsakaicin lambobinsu, su ƙirga sawu nawa aka yi wa kowane da dalilinsa, sannan su rubuta saiti daban ga tsakuwar ƙoda, da afendiks, da haɗari, da hanta, da yara gwargwadon nauyinsu.

Akwai kuma wata asara da ba ta bayyana a kowane shafi, ita ce maimaita hoto. Majinyaci yakan yi CT a wani gari, a ba shi 'yan hotuna a bugaggen fim, ya je babban asibiti a ce fim ɗin bai isa ba, tunda likitan ba zai iya sauya haske ko ya bi yanki-yanki ba, sai a sake ɗauka daga farko: kuɗi biyu, allura biyu, radiyeshan biyu. Cibiyar da ta ɗauki hoto ya kamata ta ba shi cikakkun hotunan a faifai, har da shafin radiyeshan, shi kuma ya adana faifan tare da katin asibitinsa ya tafi da shi duk inda aka tura shi.